Kuncinki na Hagu

Utako, Abuja

Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Legas lafiya, ba ciwon kai ba ciwon ƙafa, kuma ɗakin da aka kama miki ya zama ɗaki na gaske, ba lungun da aka kafa wa ƙofa ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci a sabon wurin aikinki, Ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe. Abbanki yana gaishe ki, ko da yake shi zai kai ki tasha gobe, kuma na san zai yi miki nasa wa'azin tun daga ƙofar gida har ki hau mota. Na sa takardar a ƙarƙashin robar yajin da kika ce ba kya buƙata, don na tabbata ba za ki daɗe ba ki neme ta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni sanin sa. Amsa zan ba ki, wadda ya kamata in ba ki tun a mota.

Kin tuna ranar da na je Bwari kwaso kayanki bayan kin gama makarantar lauyoyi, muka maƙale a cunkoson Dutse. A nan kika gaya mini kin yi magana da wani likita a Legas, ya yarda zai yi miki tiyata a kuncinki na hagu, ya cire abin da ya rage na kumburin nan. Kika ce, "Mami, me kika gani?" Ni kuwa, da yake bakina ya riga hankalina tashi, sai na ce, "Ya ga hoton na'ura? Irin wannan aikin nawa ya taɓa yi?" Kika juya kina kallon masu tallar gyaɗa ta taga, kika ce, "Ba Dokta na tambaya ba." Daga nan har gida rediyo ce kawai take magana. Bayan haka Abbanki ya gaya mini kin ce ba za ki faɗa mini ranar aikin ba, sai an gama zan ji. Ban yi miki faɗa ba, kin kuwa san ni da faɗa. Ban yi ba ne saboda na san ni na koya miki haka.

Bari in fara daga farko, don akwai abubuwan da kika sani rabi-rabi.

Lokacin da aka haife ki muna Nyanya, ciki da falo, ina ƙaramar likita mai fita tun da asuba don in riga cunkoso shiga gari. Da ungozoma ta miƙo mini ke, kafin in ga idonki, kafin in ƙirga yatsunki kamar yadda kowace uwa take yi, idona ya sauka a kan wani shuɗi-shuɗi a kuncinki, ɗan tudu mai laushi. Kika yi kuka, ya cika ya taso. Kika yi shiru, ya kwanta. Ranar suna, mata sun cika gida, kowa da fatawarta. Wata ta ce tawadar Allah ce, wata ta ce na kalli husufin wata da ciki, wata kuma ta rantse na tsallaka wani abu a hanya. Kakarki Hajiya, mahaifiyar Abbanki, wadda aka sa miki sunanta, ta ce musu su rufa wa kansu asiri, yarinya lafiyarta ƙalau. Ni da na yi karatun likita, na san duk zancen banza suke yi, amma me na yi? Na ja shawul na rufe miki gefen hagu, duk wadda aka miƙa wa ke sai na gyara mata riƙon yadda dama ce za ta fuskanci mutane. Hajiya tana janye shawul ɗin, ina mayarwa. Haka muka wuni.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma daga shi sauran suka fito. Shawarata gare ki a nan gajeriya ce. Duk abin da kika fara ɓoyewa don bakin mutane, kin ɗaukar wa kanki aikin da ba ya ƙarewa, mutanen kuma za su koma gidajensu su manta. A sabon ofishinki kada ki zaɓi kujerar da za ta sa hagunki ya fuskanci bango. Na lura kina yin haka a falo, a mota, har a hoton salla. Zauna inda iska take.

Ke ce kika mai da ni abin da na zama. Wannan ba daɗin baki ba ne. A lokacin, duk likitan da na kai ki wurinsa sai ya kira abin da wani suna daban, kowa kuma da maganinsa. Haushi ya sa na shiga karatu ido rufe, har na gane cewa abubuwan da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya ba iri ɗaya ba ne. Akwai jan tabon da yake fitowa jariri bayan haihuwa, ya girma da sauri ya tsorata iyaye, sannan a hankali ya koɗe da kansa. Akwai irin naki, jijiyoyin jini ne da suka tashi a cukurkuɗe tun a ciki, suna girma tare da mutum, ba sa tafiya ko'ina. Akwai wanda yake bugawa a ƙarƙashin yatsa, wanda in aka taɓa shi da ganganci sai jini ya ƙi tsayawa. Na bar ki wurin Hajiya na tafi ƙarin karatu, na dawo na tarar kin fara magana, kina kiran ta Mama, ni kuma kina ɓuya a bayan zaninta. Na ce wa kaina ai don ke na tafi. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, domin aikin ma ya riga ya shiga raina.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki dalla-dalla ba, wato yadda aka yi kika sami tabon ɗinkin da ke gaban kunnenki.

Kina dab da shiga firamare na ƙudurta sai an cire abin kafin yara su fara yi miki suna. Na je wurin malamina, Farfesa, Allah Ya jiƙansa, dattijo mai sanyin hannu da zafin baki. Ya duba ki, ya sa kin sunkuya, ya sa kin hura kumatu, ya ba ki alewa ya ce ki jira a waje. Sannan ya ce mini, "Yarinyar nan tana ci, tana gani, tana numfashi, ba ta kukan ciwo. Me kike gaggawa?" Na kawo masa hujjoji kamar ina gaban masu jarrabawa. Ya ce, "A bari ta girma." Na koma, na sake komawa, na tare shi a baranda, na tare shi a wurin ajiye motoci, har ya gaji da ni, ya amince. Ranar aikin ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ya ce, "Yau ke uwa ce ko likita? Zaɓi ɗaya." Na ce likita. Na wanke hannu na shiga.

Ban riƙe wuƙa ba, amma ina tsaye na ga komai. Abin bai tsaya inda muke zato ba, ya ratsa cikin tsoka, ya nannaɗe jijiyar da take motsa fuska kamar yadda kabewa take kama danga. Farfesa ya cire abin da zai ciru, ya ɗago kai ya dube ni, ya ce nan zai tsaya. Da kika farfaɗo kika ga Abbanki, kika yi masa murmushi, sai gefen dama kaɗai ya motsa. Hagu ya tsaya cak. Walida, ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba, kafin ta ko bayan ta. Makonni muka yi ruwa yana zubo miki ta gefen baki in kina sha. Allah cikin rahamarSa Ya dawo miki da motsin a hankali. Kumburin kuma, kafin ki gama firamare, ya dawo abinsa.

An gaya miki wai aikin ya zama dole ne. Ni na ce a faɗa miki haka. Bai zama dole ba. Ba ciwonki na yi wa magani ba, kunyata na yi wa. Ina jin nauyin a ce ga likitar fiɗa, ga 'yarta da kumburi a fuska. Na yi nadamar wannan fiye da komai a rayuwata, kuma ina neman gafararki a rubuce, tunda bakina ya kasa.

Abin da na koya daga nan, kuma shi nake gaya wa duk ƙananan likitocin da suka biyo ta hannuna, shi ne kafin a taɓa jikin mutum a tambaya wa yake gaggawa, kuma me ya sa. Wannan ba a asibiti kaɗai yake aiki ba. Za a kawo miki shari'a ana huci, a ce yau-yau sai an shigar da ƙara. Ki tambayi kanki ko mai ƙarar ne yake gaggawa, ko ɗan'uwansa da ya rako shi, ko ke da kike son a san kin iso. In dattijon da ya fi ki sanin aiki ya ce ki dakata, kada ki mai da nacinki hujja. Naci na iya sa mutumin kirki ya yi abin da ya san bai kamata ba, na gani da idona.

Sai maganar hotuna. Kin tuna kina sakandare aka ce kowa ya kawo hotonsa na yarinta za a manna a allo, kika zo kina bincike a durowata? Hotunanki sun fi na duk ƙannenki yawa, amma kusan duka daga gefe ɗaya aka ɗauka, da rula a jikin kuncinki, ke kuma an ce ki daina dariya don kada ma'auni ya ɓaci. Na nuna wasu a taron likitoci, an rufe idanun da baƙin layi, ina nuni da sanda ina cewa "wannan mara lafiyar", aka tafa mini. Ban nemi izininki ba, don ban ma ga akwai abin nema ba. Ƙarshe wurin Hajiya kika samo hoto guda, kina zaune a cinyarta da ƙashin kaza a hannu, fuska duk maiƙo. Shi kika kai makaranta. Na kawar da waɗancan hotunan daga duk inda na ajiye su, in kina son sani. Ke kuma, aikinki zai sa mutane su buɗe miki cikinsu. Kada sirrin wani ya zama abin da za ki yi ado da shi a gaban abokan aiki, ko da kin sakaya sunansa.

Kada ki ɗauka ina nadamar aikin kansa. A'a, in aka mayar da ni baya shi zan sake zaɓa. Ba aiki ne mai suna ba, ba kamar masu fiɗar zuciya da ake nunawa a talabijin ba, kuma yawancin waɗanda nake gani ba warkewa suke yi gaba ɗaya ba, tare muke tsufa da su. Amma akwai daɗin da ban san inda ake samun irinsa ba. Jaririn da jan tabo ya rufe wa ido, a ɗora shi a kan maganin sha, uwar ta dawo da shi yana kallon ki da ido biyu. Magidancin da ya shekara yana rufe leɓensa da rawani ko a cikin zafi, bayan allurai ya shigo da fuska a buɗe, yana tambaya ko na gane shi. Wata yarinya daga ƙauyukan bayan Bwari da ƙafarta ta hana ta zuwa makaranta, yanzu ita take kawo mini doya da kanta, ta ajiye a ofis ta hana ni magana. Wani lokacin ma ba na yin komai, sai dai in gaya wa iyaye sunan abin, in ce ba maita ba ce, ba laifin kowa ba ne, ku koma gida ku dawo in sake gani. Ki ga yadda kafaɗar uba take sauka. Wannan kaɗai ya isa a tashi da asuba dominsa. Ina yi miki fatan ki sami aikin da zai ba ki irin wannan, sai dai ki fi ni wayo, ki san lokacin cire rigar aiki.

Ni ban sani ba, ga kuma shaida.

Wata rana an tashe ku daga makaranta da wuri, direba ya kawo ki asibiti, kina zaune a kusurwar ofishina kina aikin gida. Sai aka shigo da wata mata daga Nyanya, Madam Rifkatu, mai sayar da abinci a bakin tasha, da jaririyarta an tura mata hula har kunci, ga zafi ana yi. Na cire hular, na ga jan tabo ne irin mai koɗewa. Matar ta fashe da kuka. Ta ce, "Dokta, mutane suna cewa wai ni ne na jawo, wai na ci wani abu. Ko coci ba na kai shi. Oga na, baban ta, ya ce kar na fita da yarinyan, kastoma za su gudu."

Na ce, "Madam, share hawayenki ki saurare ni. Ba ke kika jawo ba. Ba ya yaɗuwa, kuma in kin taɓa ba ya mata ciwo. Ki jefar da hular nan. Ki goya ta ki fita da ita, ki shafa mata fuska, ki yi mata wasa a wannan kuncin kamar yadda kike yi a ɗayan. Yaro yana gane wurin da hannun uwarsa yake gudu."

Ta ce, "Ko a gaban mutane, Dokta?"

Na ce, "Musamman a gaban mutane."

Ta tafi tana sa mini albarka, ni kuma ina jin kaina kamar na ci gasa. A mota muna komawa gida kika ce, "Mami, nawa yana yaɗuwa?" Na ce a'a, na shiga yi miki bayanin bambancin naki da na jaririyar, har da zana jijiya da yatsa a kan sitiyari. Kika saurara har na gama, kika ce, "To." Shekaru suka wuce kafin in gane abin da kika tambaye ni. Ina cikin wanke hannu zan shiga aiki maganar ta faɗo mini, na tsaya da sabulu a hannu har nas ta tambaye ni ko lafiya.

Gaskiyar ita ce ban taɓa kai hannu kuncinki ba sai na wanke hannu tukuna, kuma yatsuna suna neman wani abu, ko ya ƙaru, ko ya yi tauri, ko akwai gudan jini a ciki. Ƙannenki ina shafa kansu ina jan kumatunsu ba tare da tunani ba. Ke kuwa na fake da cewa ke 'yar fari ce, akwai kunya tsakaninmu, haka aka tashe mu, ba a kiran suna, ba a nuna so a fili. Abbanki tun kina jaririya ya yi fatali da wannan, yana saɓa ki a kafaɗa har kasuwa, 'yan'uwansa suna yi masa tsiya yana dariya. Ba al'adar nake zargi ba. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta rasu, amma duk gidan an san wa ake ajiye wa tsokar da ta fi kyau, shi ma ya sani. Kunyarta tana da ƙofar baya. Tawa ba ta da ita, na toshe ta da aikin likita. In Allah Ya ba ki 'ya'ya, ki yi kunyar in kina so, amma ki tabbata yaron ya san inda aka ajiye masa nasa.

To, yanzu ga amsar tambayarki. Zan ba ki ta likita tukuna, don ko kin ƙi ko kin so uwarki ta san abin nan, kuma zai zama wani sabon zalunci in na yi shiru don in burge ki.

Na san yana yi miki ciwo da safe. Na san yana cika ya yi nauyi in kin daɗe a sujada, na sha ganin kina dafe shi bayan sallama kina zaton ba na kallo. Wannan dalili ne na gaske, kada kowa ya ce miki raki ne. Son ki ga fuskarki yadda kike so shi ma dalili ne, ba abin kunya ba. Amma abin yana nan inda Farfesa ya bar shi, a nannaɗe da jijiyar motsi, yanzu kuma ga tabon tsohon aiki ya ƙara manne su. Wuƙa za ta iya rage shi, ba na jin za ta iya raba ki da shi har abada, kuma jijiyar da ta yafe mana sau ɗaya ba ta yi alkawarin za ta sake ba. Akwai hanyar allura da ake yi wa jijiyoyin su tsuke, ana maimaitawa, fuska tana kumbura kwanaki, ita ma tana da nata haɗarin, amma a ganina ita ya kamata a fara tattaunawa. Ki gaya wa likitan abin da ya faru da bakinki bayan aikin farko, don bai sani ba, ke ma sai yau kika sani. Ki tambaye shi yadda zai kare jijiyar, da abin da zai yi in ya buɗe ya ga ba yadda ya zata ba. Kada ki sa hannu a ranar da aka yi miki bayani, ki koma gida ki kwana da maganar. In ya ce miki zai cire duka, ba zai dawo ba, ba abin da zai faru, ki ɗauki jakarki ki yi masa sallama. In ya ce ga abin da zai iya, ga wanda ba zai iya yi miki alkawari ba, to ki gyara zama, kin sami likita. Ban san mutumin ba, ba kuma na ce ba gwani ba ne. Mai yiwuwa ya fi ni.

Amsar uwa kuma ba ta da hujja ko ɗaya. Ba na so. Tsoro nake ji. In kina dariyar gaske, irin wadda kike yi in Abbanki ya fara ba da labarin da kowa ya haddace, kuncin nan na hagu shi yake fara tashi, ya tura idonki ya ƙanƙance. Ban taɓa gaya miki ba, amma nakan bar abin da nake yi a kicin in leƙo don in gani. Ban san wata fuskar taki ba sai wannan, kuma ban taɓa ganin wadda ta fi ta ba. Na san na makara da faɗar haka, na san kuma mai yiwuwa ki ce yanzu da za ki tafi ne na tuna. Ki faɗa, kina da gaskiya.

Amma fuskarki ce. Sau ɗaya na yanke hukunci a kanta ba tare da ke ba, ba zan ƙara ba, ko da ta hanyar hana ki ne. In don ciwon ne, ko don ke da kanki kina so, ki yi istihara ki yi abinki, ina bayanki. Abu ɗaya kawai nake so ki bincika a ranki kafin ki hau gadon nan. In kin ga cewa kallon da na yi ta yi miki ne kike son a cire, to wannan ba a kuncinki yake ba, a idona yake, kuma babu likitan da zai same shi a Legas.

Saura roƙona. Ki faɗa mini ranar.

Ba zan zo da farar riga ba. Ba zan gaya wa kowa a asibitin ni likita ce ba, ba zan nemi ganin hoto ba, ba zan tsare mutumin da tambayoyi ba, in ma kina so ko gaisawa ba za mu yi ba. A ƙofar kowane ɗakin tiyata akwai benci, inda iyaye suke zama da fulas da carbi, suna miƙewa duk lokacin da ƙofa ta motsa. Shekara da shekaru ina fitowa in tsaya a kansu in ce an gama lafiya, in wuce. Ban taɓa zama a kai ba. A nan nake so in zauna, ban san komai ba kamar kowace uwa, har a turo ki. In kin buɗe ido, ko bakinki ya motsa duka ko rabi, ina so ki tarar da ni a wurin.

In kuma kin ga ba za ki faɗa mini ba, ba zan bi ta wurin Abbanki ba, ba kuma zan nemo likitan ba, ko da yake kin san waya biyu ta ishe ni in same shi. Zan jira a gida. Zai yi mini wuya ƙwarai, amma zan jira.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya. Allah Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri a wannan al'amari, Ya sanya albarka a hannun duk wanda zai taɓa ki, Ya tsare miki dariyarki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki fita, ki kira Hajiya ranar Juma'a don ba ta iya kiran waya ba sai dai ta zauna tana jira. Na yafe miki duk abin da kika taɓa yi mini, wanda ba shi da yawa. Nawa yana da yawa, ki yafe a hankali, yadda kika iya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Mami